Salansar Aro

A garejin manyan motoci da ke bayan kasuwar katako, salansa ɗaya ce tak mai lafiya, kuma a rumfar Mai Walda take kwana. Tun da aka fito da dokar cewa duk babbar motar da ba a auna ƙararta an manna mata tambari ba, ba za a ƙara yi mata lodi ba, salansar nan ba ta huta ba. Da safe Mai Walda zai kwance bututun hayaƙin motar direba, ya ɗora ta da ɗigon walda huɗu, ya shafa mata baƙin fenti don ta fito sabuwa. Direba ya lallaɓa zuwa filin awo, ya dawo da tambari a gilashi. A ɓalle ta, a mayar masa da bututunsa, ya fita yana girgiza unguwa kamar da. Motoci sama da ashirin ta fitar kunya a haka.

Ranar ƙarshe ta wa'adi, layi ya zo kan Dogo, babban ɗan Mai Walda. In rana ta faɗi yau babu tambari a gilashinsa, kamfanin da yake ɗaukar wa kaya zai karɓi makulli ya ba wani, ga shi da mata da yara biyu. Mai Walda ko karin kumallo bai iya ci ba. Dama shi mutum ne da in ɗansa ya yi lattin minti goma, kafin ya iso ya gama zaga asibitocin gari a cikin zuciyarsa.

Wannan halin ne ma ya sa ya ƙera bututun Dogo. Shekara huɗu da suka wuce, ranar da aka damƙa wa yaron tirela, Mai Walda ya cire salansarta ya jefar, ya zaɓi ƙarfe mai kauri, ya buɗe bakinsa kamar mazurari, ya hau da shi ta bayan kan motar ta gefen direba, har ya tsaya daf da taga. Duk garejin babu mai murya irin tasa. In Dogo ya dawo daga doguwar tafiya ya kawo gangaren shiga gari, sai ya saki totur sau biyu, motar ta yi gurnani, uban yana rumfarsa ya ji, ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce alhamdulillahi.

Sai dai kusan shekara guda ke nan Dogo ya sauya. A kira shi ya wuce. In zai yi magana kuma sai ya ɗaga murya kamar mai faɗa. Ko a makon jiya matarsa ta zo ta durƙusa a bakin rumfa ta ce, "Baba, ka yi masa magana. Ina ba shi labari yana kallon bango. Yarinyar nan ta yi ta kuka a bayansa ko waiwaye ba ya yi."

"Girman kai ne," in ji Mai Walda. "Mota ta shiga kansa. Bari a gama awon nan, ni da shi ne."

Yanzu yana kwance a ƙarƙashin tirelar, ya kare fuska, wuta tana tartsatsi. Bakanike, maƙwabcin rumfarsa, ya tsuguna yana riƙe masa salansar da tsumma.

"Kai dai ka ji tsoron Allah," in ji Bakanike. "Baiwar Allahn nan ta fi kowa zuwa ofishin awo. Da mutum ce da tuni sun ɗauke ta aiki."

"Riƙe da kyau, ka cika ni da surutu."

"Fenti nawa ke jikinta yanzu? Na rantse ta yi ƙiba."

"In ta faɗi a hanya kai za ka bi ka ɗauko."

Ya yi ɗigo na huɗu, ya ƙara na biyar don ɗansa ne, ya fito yana kakkaɓe baya. Ya ce wa Dogo, wanda ke tsaye yana goge madubi, "Hau ka tayar mu ji."

Dogo ya ci gaba da gugarsa.

"Ka gani ko?" Mai Walda ya ce wa Bakanike. Ya ɗauki guntun katako ya buga taya. "Kai! Da kai nake!"

Dogo ya juyo da sauri, ya kalli bakin ubansa, ya kalli hannun da ke nuna masa ƙofa, ya haye. Ya murɗa makulli, injin ya kama, yana ta aiki a hankali kamar keken ɗinki. Mutanen gareji har sun fara tafi da shewa, sai suka ji wata muguwar ƙara, ƙarfe yana cin ƙarfe. Dogo ne ya sake murɗa makulli alhali injin yana tafiya.

"Za ka cinye haƙoran sitata!" Bakanike ya yi ihu yana ɗaga hannu biyu. "Ta tashi, ɗan nan, ta tashi! Jama'a, ku ji mini direba. An rufe wa motarsa baki ya ɗauka ta mutu."

Aka yi dariya. Dogo ma ya yi, amma dariyarsa ta zo a bayan ta kowa. Mai Walda kunya ta kama shi. Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya haye gefen fasinja, don ba ya yarda salansar ta yi tafiya ba ya kusa, balle yau.

Rabonsa da shiga motar nan tun ranar da ya ɗaura bututun. A wancan lokacin ko ihu ka yi ba a ji. Yau kuwa har karkarwar kofin shayi a gaban gilashi yana ji. Ya gyara zama, ya ga ga dama ta samu, ya fara:

"Matarka ta zo wurina."

"Na'am?" Dogo ya ce da ƙarfi, yana karkato da kai.

"Na ce matarka ta zo wurina!"

"To, Baba."

Daga nan bai ƙara ba, uban ma ya haɗiye sauran. Suka shiga cunkoson titin kasuwa, tafiya kaɗan birki, tafiya kaɗan birki. A nan Mai Walda ya fara jin wani siririn kuka, ƙiiii, kamar na gyare. Ya sa ɗan yatsa ya sosa kunne, ya ɗauka nasa ne, don mai aikin ƙarfe ba ya rasa irin wannan. Da hanya ta buɗe motar ta ɗan yi gudu, kukan ya ɗauke. Da suka kawo gangaren da ke gaban makarantar firamare, Dogo ya taka birki sau uku a jere, kukan ya dawo, wannan karon bai tsaya ba.

"Mene ne ke kuka haka?"

Dogo yana kallon hanya.

Mai Walda ya kama hannun rigarsa. "Na ce mene ne wannan ke kuka?"

"Ina?"

"A nan! Ƙarƙashin sitiyari!"

Dogo ya leƙa, ya ɗago, ya yi murmushi. "Ba komai, Baba. Shirun ne ba ka saba ba."

Mai Walda ba direba ba ne, amma shekara talatin a gareji ba wasa ba ce. Ya san babbar mota da iska take tsayawa, ya san in iskar tanki ta yi ƙasa akwai ƙararrawar da ke gargaɗi. Ya duba agogon iska, ya ga allurarsa a kwance, gilashin ya yi hazo.

"Agogon iskarka fa?"

"Wannan ya daɗe da mutuwa. Ba na bi ta kansa. In iska ta yi ƙasa ƙararrawa za ta gaya mini."

"Tana gaya maka."

"Na'am?"

"Tana gaya maka yanzu! Ga ta nan tana kuka tun daga kasuwa! Tsaya! Tsaya na ce!"

A gabansu wata malama ta ɗaga hannu tana tsallakar da yara a jere. Dogo ya ga fuskar ubansa, ya rage giya, ya taka birki. Motar ta tsaya, amma ba inda ya so ba. Sai da ta ƙara ja kamar tsawon mutum biyu. Malamar ta janye yaron ƙarshe ta bi su da harara. Dogo ya gangara gefen titi ya kashe injin, ya bar makulli a buɗe.

Yanzu babu wani sauti a cikin motar sai ƙararrawar, tana tsaga kunne. Mai Walda ya zuba wa ɗansa ido yana jira. Dogo ya zauna hannunsa a kan sitiyari, fuskarsa fes, kamar mutumin da ke zaune a ɗaki shi kaɗai.

"Ba ka ji?"

"Baba, me zan ji?"

Mai Walda ya kama ƙeyarsa, abin da rabonsa da yi tun Dogo yana ɗan makaranta, ya sunkuyar da shi har kunnensa na dama ya kusa taɓa ƙaramin akwatin da ke kukan. Dogo ya daɗe a sunkuye. Sannan ya ɗago.

"Can nesa," ya ce, wannan karon a hankali. "Kamar a wani gida."

"Juya ɗayan."

Ya juya kunnen hagu, na gefen taga. Ya manna shi da akwatin. Ya ɗago ya girgiza kai.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Mai Walda. Ya sake faɗa. Ya leƙa ta bayan kan ɗansa, ta tagar direba, ya hango maƙalan ƙarfe biyu da suka saba riƙe bututun, yau babu komai a kansu. Shi ya auna wurin da hannunsa. Taƙi biyu ne daga bakin bututun zuwa kunnen direba. Ya tuna har yabon kansa ya yi a ranar, da ya ga aikin ya zauna daidai.

"Tun yaushe?"

Dogo ya kalli bakinsa. "Ban sani ba. Da dai in na sauka daga mota kunnena yana ta ƙugi, in na kwana ya daina. Daga baya ya daina dainawa."

"Ka kasa gaya wa kowa?"

"In gaya wa wa? Direba kurma wa zai ba shi mota? Ina kallon baki, ina kallon madubi. Ina gane yawanci."

"Yarinyarka tana kuka a bayanka."

Dogo ya kawar da kai bai amsa ba, kuma Mai Walda bai san ko ji ne bai yi ba ko kuwa ya ji ne.

Suka sauka neman inda iskar ke zurara. Mai Walda ya bi sautin, tsss, har ƙarƙashin tanki, ya sami bakin tiyo ya saki. Dogo yana tsugune daf da wurin, sai da uban ya tofa yawu a mahaɗar ya ga kumfa tana tashi sannan ya yarda. Ƙaramin abu ne, juyi biyu na sifana ya kama. Amma tsatsar da ke kewaye da wurin ta nuna ba jiya ya fara ba, ba kuma watan jiya ba. Mai Walda ya tsaya yana lissafin gangare nawa motar nan ta sauka da kaya cike, ƙararrawa tana ihu babu mai jin ta, shi kuma yana rumfa yana jin gurnani yana cewa alhamdulillahi.

Da suka koma ciki, Dogo ya tayar da mota ya bar tanki ya cika. Bai ja ba. Ya juyo gaba ɗaya.

"Baba, ka rufa mini asiri. Ma'aikacin awon nan daga baya yake tsayawa yana kira. Ba zan ji shi ba. Ka sa hannunka a gwiwata. In ya ce birki, ka matsa sau ɗaya. Fitilar hagu sau biyu, ta dama sau uku. Sauran kuma in ka matsa zan gane. Yau kaɗai. In na sami tambari zan nemi magani, wallahi."

"Maganin me?"

"Baba, yau kaɗai. Ka yi wa mutum ashirin, ni ne ba za ka yi wa ba?"

Mai Walda ya ɗora hannunsa a gwiwar ɗansa, Dogo ya ja mota.

Filin awo fili ne mai faɗi da aka shafe da siminti, da rumfar kwano a tsakiya da rami a ƙarƙashinta. Motoci bakwai ne a gabansu, sai bayan azahar layi ya iso. Ma'aikacin dattijo ne mai furfura a gemu, da tabarau a rataye a wuya, a hannunsa na'urar auna ƙara mai kan soso, wadda direbobi ke kira kunnen gwamnati. Ya zaga motar a hankali, ya tsuguna ya leƙa ƙasa, ya taɓa fentin ya duba yatsansa.

"Ikon Allah," ya ce. "Salansar nan kamar na san ta. Ba ita ce mai lotsawa a gefe ba? Sannu da ƙoƙari, 'yar gari."

Mai Walda ya leƙo ta taga ya ce, "Ranka ya daɗe, ai kamfani ɗaya ke yin su."

"Har da lotsawar? To, madalla da kamfani. Ni dai abin da na'ura ta ce shi zan rubuta. Kai ne uban direba?"

"Ni ne."

"Zauna abinka. Direba, ba ta wuta!"

Mai Walda ya matsa gwiwa, ya nuna totur da ido. Dogo ya taka. Ma'aikacin ya duba na'ura ya rubuta. Ya koma bayan tirelar, ta gefen hagu.

"Birki!"

Matsa ɗaya. Fitilun baya suka kama.

"Hagu!"

Matsa biyu.

"Dama!"

Matsa uku. Komai ya tafi daidai. Dogo yana kallon gaba, gumi yana bin gefen fuskarsa, amma bakinsa ya fara sakin murmushi. Mai Walda kuwa ji yake kamar hannun ba nasa ba ne.

Ma'aikacin ya dawo, ya taka matakala ya riƙe ƙofar direba, kansa a taga. Dogo ya juyo yana kallon bakinsa.

"Saura ɗaya, ku tafi ku huta. Kashe injin, bar makulli a buɗe. Ka yi ta taka birki kana saki har iska ta ragu. Da ƙararrawa ta yi kuka, ka tsaya ka ɗaga hannu. Ina so in ga tana aiki."

Dogo ya gyaɗa kai. Ya kashe injin. Ya saci kallon hannun da ke gwiwarsa, ya fara takawa. Fush. Fush. Fush. A taku na tara ƙararrawa ta ɗauka.

Mai Walda ya ji ta har cikin haƙoransa. Yatsunsa suna kan gwiwar, matsa ɗaya ce ta rage. Tambarin yana nan a aljihun gaban rigar ma'aikacin, har gefensa ya leƙo. In ya matsa, a manna, su koma gareji, yaran Dogo su ci abinci, kowa ya ce Mai Walda ya iya. Gobe kuma da safe Dogo ya ɗauki siminti buhu ɗari shida ya nufi gangaren da ke gaban makaranta, babu kowa a kujerar nan.

Hannun bai motsa ba.

Fush. Fush. Dogo ya ci gaba da takawa. Ya kalli hannun. Ya kalli fuskar ubansa. Fush. Ƙararrawa tana ta ihu, har direban motar da ke bayansu ya leƙo yana cewa, "Kai, a kashe mana abin nan mana!" Ma'aikacin ya sa tabarau, ya dubi Dogo, ya dubi akwatin, ya sake duban Dogo. Birkin ya yi laushi a ƙarƙashin ƙafa, iska ta ƙare, Dogo ya gane da ƙafarsa abin da kunnensa bai gaya masa ba. Ya ɗaga hannu a makare.

Mai Walda ya janye nasa hannun ya sa a cinyarsa.

"Samari," in ji ma'aikacin a hankali, daf da kunnen hagu, "yaya sunanka?"

Dogo yana kallon ubansa, bai san ana yi masa magana ba.

"Subhanallahi," ma'aikacin ya ce. Raha ta bar fuskarsa. Ya sauka, ya zagayo gefen fasinja. "Malam, sauko."

Mai Walda ya sauka.

"Ka san da wannan?"

"Yau na sani. A hanyar zuwa nan."

"Fitilun da ya kunna fa?"

"Ni nake matsa masa gwiwa." Ya nuna ƙarƙashin motar. "Salansar ma ta aro ce, ka gane ta. Tawa ce. Bututun da ke motar nan shekara huɗu ni na ƙera shi, ni na kai shi bakin tagarsa. In akwai wanda za a kama, ni ne."

Ma'aikacin ya daɗe yana kallonsa. "Don me ka kai shi bakin taga?"

"Ta ɗaya gefen akwai tankin mai." Ya ga amsar ba ta isa ba. "Ina so in riƙa jin dawowarsa."

Dattijon ya cire tabarau ya murza idanu. "Mu muna nan muna auna abin da ke damun mutanen titi. Ban taɓa tunanin in auna na cikin motar ba." Ya ciro wata takarda daga allon rubutunsa ya yi rubutu. "Ba zan manna tambari ba, ka sani. Agogon iska ma a mace yake. Motar za ta kwana a nan sai kamfani ya aiko wani. Wannan kuma ka kai shi babban asibiti, sashen kunne, su auna shi. Abin da suka rubuta shi zai nuna ko zai sake tuƙi. Wani ana sa masa na'ura ya ci gaba da aikinsa, wani kuma a'a. Ni ba likita ba ne, kada in yi maka alkawari."

"Na gode."

"Kada ka gode mini. Bututu nawa ka ƙera irin wannan?"

Mai Walda ya fara lissafi. Fuskokin direbobin gareji suka riƙa zuwa masa ɗaya bayan ɗaya, da yadda dukansu suke magana kamar masu faɗa, da yadda ake yi musu dariya a kan haka a wurin mai shayi.

"Da yawa," ya ce.

Dogo ya riga ya sauko. Ya ga takardar, ya ga babu tambari. Ya zare makulli ya ajiye a kan allon ma'aikacin ba tare da an tambaye shi ba, ya juya ya nufi ƙofar fili. Uban ya bi shi da sauri, jakar kayan aiki tana dukan ƙafarsa.

A bakin ƙofa Dogo ya tsaya ya juyo. Muryarsa ta cika titi, masu sayar da ruwa suka waiwayo.

"Matsa ɗaya, Baba! Ɗaya! Ka toshe mini kunne, yau kuma ka karɓe mini mota! Me zan gaya mata? Me zan kai gida?"

"Ka faɗi gaskiya," in ji Mai Walda. "Duka biyun ni ne."

"Me ka ce?"

Uban ya buɗe baki zai maimaita, ya kasa ɗaga murya a gaban mutane. Dogo ya yi tsaki, abin da bai taɓa yi masa ba, ya juya ya sauka kan kwalta. Wani mai babur ya taho ta hagunsa yana ta danna oda. Mai Walda ya yar da jaka ya fizgo rigarsa ta baya, babur ya wuce yana zagi, iskarsa ta kaɗa musu wando.

Suka tsaya a gefen titi suna haki. Sifanu da guntayen ƙarfen walda sun watse a ƙasa. Dogo ya bi babur ɗin da kallo har ya ɓace, ya taɓa kunnensa na hagu kamar yau ya fara sanin yana nan. Sannan ya sunkuya ya tattara kayan ubansa ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a jaka, ya rataya a kafaɗarsa.

"Asibitin suna tashi ƙarfe nawa?" ya ce, bai kalli uban ba.

"Huɗu. In mun yi sauri za mu samu."

Dogo ya girgiza kai, ya kama hannun ubansa ya zagayo da shi.

"Dawo ta damana. In za ka yi magana ka yi ta nan."

Mai Walda ya matso daf da kunnen ya ce, "Ƙarfe huɗu."

"Na ji," in ji Dogo. Suka tsallaka titi, uban yana duba hagu yana duba dama, hannunsa riƙe da gefen rigar ɗansa.